Ajiyar Sanyi a Cikin Madarar Farafin

Farafin dangi ne na sinadaran da ake samu a cikin ɗanyen mai, kuma kakin da ake yin kyandir da shi ɗaya ne daga cikinsu. Kakin kyandir ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas, amma a cikin dangin akwai waɗanda ke narkewa tun a digiri 6, ko 10, ko 18. Irin waɗannan ruwa-ruwa suke a zafin ɗaki, garau kamar kananzir, sai an sanyaya su suke daskarewa su yi fari. Idan aka farfasa irin wannan farafin ya zama ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, aka watsa su a cikin ruwa, sai a sami wani farin ruwa mai ɗan kauri. Wannan gauraye, wanda za a iya kira madarar farafin, yana riƙe sanyi kusan ninki biyu na abin da ruwa zalla ke riƙewa, kuma yana ci gaba da gudana a cikin bututu ko da farafin da ke cikinsa ya daskare. Saboda waɗannan halaye biyu ne injiniyoyi a Jamus da Japan da Sin suka daɗe suna bincike a kansa.

Abin da ya sa ake neman irin wannan ma'aji shi ne, lokacin da ake iya samar da sanyi da lokacin da ake buƙatarsa ba safai suke haɗuwa ba. Birnin Zinder, a jihar Damagaram ta Nijar, misali ne a fili. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma daga 2020 zuwa 2024 azumin Ramadan ya yi ta faɗowa tsakanin Maris da Mayu, lokacin da kowane gida ke neman ruwan sanyi a sa'a guda. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a yankin, babban kasonta ya daɗe yana zuwa daga Najeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A unguwanni irin su Kara-Kara, inda aka fara zaunar da masu cutar kuturta a bayan gari, kuma har yau talakawa ne mafi yawan mazaunanta, gidaje da dama ba su da firiji, sayen ƙanƙara ake yi. Rana kuwa tana nan a wadace, sai dai farantan sola suna daina aiki da faɗuwarta, alhali magani da nama da madara ba su san dare ba.

Zafin da ma'auni ba ya nunawa

A ilimin kimiyya, sanyi rashin zafi ne kawai. Firiji yana kwashe zafi ne daga cikinsa ya fitar ta baya, shi ya sa bayan firiji kullum da ɗumi. Ajiye sanyi, ke nan, yana nufin a kwashe zafi daga wani abu tun da wuri, ta yadda daga baya zai iya shanye zafin ɗaki ko na magani ko na abinci.

Hanyoyin yin haka biyu ne. Ta farko ita ce a sanyaya ruwa kawai. Kilo ɗaya na ruwa yana shanye kilojul 4.2 na zafi kafin ya hau digiri ɗaya. A manyan gine-gine masu injin sanyi na bai-ɗaya, ruwa yakan fita daga injin a digiri 6 ya dawo a digiri 12. Wato kowane kilo ya ɗauko kilojul 25 ke nan, ba ƙari. Hanya ta biyu ita ce a daskarar da abin. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kilojul 334 kafin ya gama narkewa, kuma duk tsawon lokacin narkewar ma'aunin zafi yana tsaye a sifili, ba ya motsi. Wannan adadin zafi ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Masanin da ya fara bayyana wannan shi ne Joseph Black na Jami'ar Glasgow, a farkon shekarun 1760, kuma shi ya kira shi ɓoyayyen zafi, domin yana shiga abu ba tare da ya nuna a ma'auni ba. Aikin da zafin ke yi a lokacin shi ne kwance ɗaurin da ke riƙe ƙwayoyin abin a jere. Sai ya gama kwance su kaf sannan zafin abin ya fara hawa.

Duk abin da ake amfani da narkewarsa da daskarewarsa don ajiyar zafi ko sanyi, shi ake kira abu mai sauya kama. Mai sayar da ƙanƙara a Kara-Kara ko a bakin kasuwar Dole da shi take sana'a. Da dare, in an kawo wuta, takan ɗura ruwa a farar leda, ta ƙulle baki, ta jera a firiza. Da rana ta kwashe ta zuba a kula, ta lulluɓe da buhu ko tsohon bargo, yaro ya ɗauka ya zaga da ita. Abin da mai saye ke biya da la'asar shi ne wutar daren jiya da aka adana a cikin ruwa.

Inda ƙanƙara ta gaza

In dai yawan abin da ake ajiyewa ake magana, da wuya a sami abin da ya fi ƙanƙara, ga araha, ga rashin guba. Matsalarta ita ce digirin da take aiki a kai ba ya canzuwa. Sifili ne, ko ana so ko ba a so. Kafin ruwa ya daskare kuwa, dole injin ya sauka ƙasa da sifili, zuwa digiri 5 ko 10 a ƙarƙashinsa, kuma ƙa'idar da masu aikin sanyi ke bi ita ce, duk digiri ɗaya da aka ƙara sauka yana ƙara cin wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Wanda ke son ɗaki ya tsaya a digiri 24 amma ya bi ta hanyar ƙanƙara, ya biya kuɗin sanyin da bai buƙata ba. Ban da haka, ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, yana fasa bututu, kuma dunƙulen ƙanƙara ba ya bin famfo.

A harkar lafiya abin ya wuce maganar kuɗin wuta. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Wasu daga cikinsu, kamar na ciwon hanta nau'in B, da na mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus, suna ɗauke da sinadarin alminiyam da ke ƙara musu ƙarfi, kuma da zarar sun daskare sun lalace, ko da sun narke daga baya. Kwalbar ba ta canza launi, babu wari, sai dai allurar ba za ta kare yaro yadda ya kamata ba. Fakitin ƙanƙarar da aka ciro daga firiza yana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan rigakafi su shimfiɗa fakitocin a kan tebur su jira, suna ɗagawa suna girgizawa, sai sun ji ruwa yana motsi a ciki kafin su jera su a akwatin allura. Da safiyar ranar rigakafi, ga babura suna jira, ga ƙauyuka da nisa, wannan jiran shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa. Jihar Damagaram ta san muhimmancin wannan aiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, 18 suka rasu, kuma a 2023 mashaƙo ya ɓarke, ya fi tsanani a yankin Matamaye. Abin da ake buƙata a nan shi ne abu mai daskarewa a digiri 5, wanda ba zai taɓa iya daskarar da allura ba.

Farafin

Karl von Reichenbach ne ya fara ware kakin farafin a 1830, James Young kuma ya mayar da shi sana'a a Sikotilan daga 1850. Ƙwayar farafin sarƙa ce miƙaƙƙiya ta kabon, kewaye da haidurojin, kuma tsawon sarƙar shi ke yanke digirin narkewa. Mai kabon 14, tetiradeken, yana narkewa a kusan digiri 6. Mai 15 a digiri 10, mai 16 a digiri 18, mai 18 kuma a digiri 28. Ɓoyayyen zafinsu yana tsakanin kilojul 200 da 245 a kilo, wato kusan kashi biyu cikin uku na ƙanƙara. Idan aka gauraya biyu ko uku daga cikinsu, ana iya saita digirin narkewa a inda ake so. Kamfanoni irin su Rubitherm na Balin suna sayar da gaurayen da lambar digirinsu a jiki.

Waɗannan sinadarai ba baƙi ba ne a Damagaram, ko da ba a san su da suna ba. Suna cikin kowace litar man dizal. Mai kabon 16 shi ne siten, wanda da shi ake auna ingancin dizal a duniya, kuma daskarewar dangin nan ce ke sa dizal ya yi kauri ya toshe matatar mota a ƙasashe masu tsananin hunturu. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 kimanin kilomita 50 arewa da Zinder, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, tana fitar da fetur da dizal da iskar gas ta girki. Ware farafin tsantsa daga cikin dizal ko kananzir wani mataki ne na daban mai buƙatar nasa injina, kuma tsadar tetiradeken tsantsa daga nan take fitowa. Kasancewar ɗanyen abu a kusa bai sa shi ya zama mai araha ba.

Farafin yana da kyawawan halaye. Ba ya cin ƙarfe, ba ya canzawa ko an narkar da shi an daskarar sau dubbai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, in aka tuna gidan da Mária Telkes ta tsara wa hanyar ɗumamawa a Dover ta jihar Massachusetts a Amurka a 1948, wanda aka ɗumama da zafin rana da aka adana a cikin gishirin Glauber. Gidan ya yi aiki na 'yan shekaru, sannan gishirin ya rabu da ruwansa, tankunan suka yi tsatsa suka fara yoyo. Farafin ba ya yin haka, har hukumar NASA ta yi amfani da kaki wajen kare na'urorin motar da 'yan sama jannati suka tuƙa a duniyar wata daga 1971.

Aibinsa babba shi ne zafi ba ya ratsa shi da sauri. Ruwa ya fi shi saurin isar da zafi kusan sau uku, ƙanƙara kuma kusan sau goma. Idan aka cika tanki da farafin aka ratsa bututun sanyi a ciki, na jikin bututun ne zai fara daskarewa, ya zama rigar da ke hana sanyi isa ga sauran. Ana iya kwana injin yana aiki, tsakiyar tankin ba ta daskare ba. Yana kuma kama wuta, yana jiƙa wasu nau'o'in roba har su yi laushi.

Yadda ake haɗa madarar

Dabarar ita ce a daina ajiye farafin a dunƙule. Ana zuba shi a ruwa, yawanci kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na nauyin gaurayen, a bi da shi ta injin da ke kaɗawa da tsananin gudu ko ya matsa shi ta ƙaramar kafa, har ya farfashe. Faɗin kowane ɗigo yakan kasance maikuron 1 zuwa 10. Maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum yana kusan maikuron 70. Lita ɗaya ta farafin da aka farfasa zuwa ɗigo masu faɗin maikuron ɗaya tana da fuskar da ta kai murabba'in mita 6,000 tana taɓa ruwa. Da wannan, matsalar jinkirin ratsawar zafi ta kau, domin babu wani ɓangare na farafin da ke nesa da ruwa. Ruwan da ya kewaye shi kuma yana rage haɗarin gobara ƙwarai.

Mafi kusancin misali shi ne madarar shanu. Ita ma ɗigon mai ce a warwatse cikin ruwa, kuma farinta daga yadda ɗigon ke tarwatsa haske yake. Duk abin da ke samun madara yana samun gaurayen farafin. In an bar ta a ƙwarya, maiƙon yana tasowa sama. In aka burka ta, ɗigon suna karo da juna, su haɗe, man shanu ya fita daban. Ga Bafulatana wannan shi ne abin nema. Ga injiniya kuwa shi ne lalacewar aiki, kuma famfon da ke tura gaurayen dare da rana a cikin bututu burkawa yake yi.

Abin da ke hana rabuwar shi ne sinadarai dangin sabulu, masu kai biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana son mai. Sukan jeru a jikin kowane ɗigo su yi masa garkuwa. A ɗakunan bincike an fi amfani da waɗanda ake sayarwa da sunan Tween da Span, ana gauraya su bisa wani ma'auni da William Griffin ya fitar a 1949. Ƙaro ma, wanda ake tsinka a jikin bishiyar ɗakwara a gabashin Nijar, irin wannan aiki yake yi a masana'antun lemon kwalba, inda yake hana man ƙamshi tasowa saman kwalba.

Da zarar an sanyaya madarar, kowane ɗigo yana daskarewa shi kaɗai ya zama ƙwayar kaki, ruwan da ke ɗauke da su kuwa yana nan ruwa, tunda ba a kai sifili ba. Haka gaurayen zai bi bututu ya isa ɗaki, ɗigon su narke su shanye zafi, ya koma injin a sake daskarar da su. A cibiyar Fraunhofer UMSICHT da ke Oberhausen a Jamus, Li Huang da abokan aiki sun wallafa bincike a 2009 wanda ya nuna cewa gauraye mai farafin kashi 30 cikin 100 yana ɗaukar kimanin kilojul 50 a kilo a tazarar digiri 6, ninki biyu na ruwa.

Lissafi zai nuna ma'anar wannan. Gini mai buƙatar ajiyar sanyi ta kilowat-awa 1,000, in da ruwan sanyi zai yi, sai ya tanadi tan 144 na ruwa. Da madarar farafin tan 72 ya isa. Da ƙanƙara kuwa tan 11 kacal. Madarar, ke nan, ba ta kusa da ƙanƙara wajen ƙanƙantar ma'aji. Ribarta tana wani wuri: injin ba ya sauka ƙasa da sifili, abin da ke ajiye sanyin shi ne kuma ke kai shi inda ake so, kuma tsohon bututu ɗaya zai iya ɗaukar sanyi ninki biyu ba tare da an canza shi ba.

Jinkirin daskarewa

Babbar matsalar da ta hana madarar fita daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa ita ce wannan: ɗigon suna narkewa a digirin da ya kamata, amma ba sa daskarewa a nan. Siten, mai kabon 16, a cikin kwalba yana daskarewa a digiri 18 ko kusa da haka. In aka mayar da shi ƙananan ɗigo, yana iya zama ruwa har sai an sauko da shi zuwa digiri 3 ko 4. Tazarar tana kaiwa digiri 15.

Dalilin shi ne daskarewa tana buƙatar mafari. Sai an sami wani ɗan tsaki, ƙura ko kaushin bango, wanda ƙwayoyin farko za su jeru a jikinsa, sannan sauran su biyo. A cikin kwalba tsaki ɗaya ya isa ya daskarar da duka. Amma mililita ɗaya ta farafin tana ba da ɗigo masu faɗin maikuron ɗaya wajen tiriliyan biyu, kowanne a killace cikin ruwa, kuma mafi yawansu babu tsaki ko ɗaya a cikinsu. Ruwa ma haka yake yi. Daniel Fahrenheit ya lura da haka tun 1724, kuma ɗigon ruwa a cikin gajimare suna iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifili.

Ga tsarin sanyi wannan asara ce kai tsaye. Farafin mai narkewa a digiri 6, in ya yi jinkirin digiri 10, ba zai daskare ba sai ƙasa da sifili, inda ruwan da ke ɗauke da shi ma ke cikin haɗarin daskarewa. Duk ribar wutar da aka ƙirga ta tafi. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a narkar da ɗan kaki mai narkewa a digiri 50 ko sama a cikin farafin kafin a farfasa shi, kashi kaɗan cikin 100. Shi yakan riga daskarewa a cikin kowane ɗigo, ya zama mafari ga sauran. Wasu masu bincike suna zuba garin silika ko na kabon mai tsananin laushi, wasu kuma suna zaɓar sinadarin garkuwa wanda wutsiyarsa ke daskarewa da wuri. Da waɗannan ana rage jinkirin zuwa digiri 1 ko 2 a sabon gauraye, sai dai yakan sake dawowa bayan an yi ta juya shi, domin tsakin yana iya ficewa daga ɗigon ya koma cikin ruwa.

A nan ne buƙatu biyu ke cin karo. Farafin ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya kusan giram 770 ce, don haka kullum yana neman tasowa. Bisa dokar Stokes, in aka rage faɗin ɗigo da rabi, saurin tasowarsa yana raguwa sau huɗu. Mai son gauraye ya daɗe bai rabu ba, ƙananan ɗigo zai nema. Amma gwargwadon ƙanƙantar ɗigo, gwargwadon tsananin jinkirin daskarewa. Haka kuma ƙara yawan farafin yana ƙara sanyin da ake ajiyewa, amma yana ƙara kauri, famfo ya ƙara shan wuta, kuma in ya wuce rabi gaurayen yakan yi kaurin da ba ya turuwa. Yawancin rubuce-rubucen da ake wallafawa a wannan fanni, in an tace su, neman tsaka-tsaki ne tsakanin waɗannan abubuwa. Mai karatu ya kamata ya yi hattara da duk sakamakon da aka samu a ƙaramar kwalbar gwaji cikin mako guda, domin tsarin sanyi na gini ana gina shi ne ya yi shekara 20.

Akwai wata hanya ta kusa, wadda ake sa wa kowane ɗigo ɓawon roba mai tauri. Kamfanin BASF ya yi irin wannan da sunan Micronal, ana cuɗa shi a allon bango da filasta, kuma an yi amfani da ruwa mai ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi wajen ajiyar sanyi a filin jirgin saman Narita a Japan. Ɓawon yana hana haɗewa, amma yana ƙara tsada, yana cin gurbin farafin, kuma famfo yana fasa shi a hankali.

Abin da ya dace da Damagaram

Binciken makamashin rana a Nijar ya daɗe. An kafa hukumar ONERSOL a 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabance ta shekaru masu yawa. Abin da ya fi wahala a tsarin sola a ƙasa mai zafi shi ne batir, domin zafi yana rage masa kwana, kuma shi ke fara mutuwa a firijin asibitin ƙauye. Shi ya sa aka ƙera firijin rigakafi marasa batir, waɗanda ke haɗe da farantan sola kai tsaye. Da rana injin yana daskarar da wani ma'aji a jikin bangon firijin, da dare ma'ajin ya riƙe sanyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da irinsu a 2010, kuma yanzu su ne ake rabawa a cibiyoyin lafiya na karkara a ƙasashen Sahel. Wasu ƙanƙara ce ma'ajinsu, da shinge tsakaninta da allura, wasu kuma abu mai daskarewa a kusan digiri 5. Haka nan akwai fakitocin farafin a rufe da ake jerawa a akwatin ɗaukar magani da jini. Wannan fasaha ta riga ta nuna kanta, kuma ba ta da famfo ko bututu da za su lalace.

Ga kayan lambu, irin tumatir da ganyen da ke shigowa daga Mirriya da Gidimuni, sifili ya yi sanyi da yawa. Tumatir da mangwaro da barkono suna lalacewa in aka daɗe da su ƙasa da digiri 10 ko makamancin haka. A lokacin rani, iskar Damagaram a bushe take, don haka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai ba tare da wuta ba. Ƙarfinta yana raguwa da damina, kuma ruwa take sha a birnin da ya daɗe yana fama da ƙarancinsa. Ɗakin sanyi na sola mai ma'ajin farafin da aka saita a digiri 10 zuwa 12 shi ne mataki na gaba ga 'yan kasuwa masu haɗin gwiwa.

Madarar farafin ita kanta an yi ta ne don wuraren da ake sanyaya ruwa a inji ɗaya a tura shi ɗakuna da yawa ta bututu: babban asibiti, otal, filin jirgi, masana'antar madara. Irin waɗannan tsare-tsare kaɗan ne a Zinder, inda kusan kowane ofis na'urarsa ce a maƙale a bango. Akwai kuma sharaɗin da gwaje-gwajen Turai ba su cika damuwa da shi ba. In wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, gaurayen zai zauna cik a tanki, zafinsa ya haura digiri 40, kuma zafi yana raunana yawancin sinadaran garkuwa, yana gaggauta haɗewar ɗigo. Wannan gwaji ne da ba ya buƙatar manyan injina, sai haƙuri da ma'aunin zafi da madubin ƙara girma, kuma ɗaliban kimiyya a Jami'ar André Salifou ta Zinder ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi suna da yanayin da ya fi dacewa da shi a bakin ƙofarsu. Kafin a sami madarar da za ta yi shekaru a irin wannan tanki ba ta rabu ba, ƙanƙara da rufaffen fakitin farafin su ne abin dogaro a Damagaram.